Tun Ran Gini Ran Zane: Ku Tambaye Su Abin da ke Cikin Ginshiƙi

Ƴan uwa maza da mata na bakin iyaka, tun daga Gaya, Ƙonni, Madarumfa da Ɗan Isa har zuwa Matamai da Magarya.

Wannan takarda ta zo muku da tambaya guda, kuma muna so ku riƙe ta har ranar zaɓe. Ajin da ɗanka yake zaune a ciki, asibitin da matarka ta haihu, rumfar kasuwar da kike kasa kayanki, mene ne a cikin ginshiƙan da suka ɗauke su?

Masu mulki sun iya bikin buɗe gini. A zo da jerin motoci, a kira makaɗa, a yanke ƙyalle, a ɗauki hoto, fenti yana ta ƙyalli. Babu wanda ya taɓa nuna muku hoton cikin ginshiƙi. Alhali can ne kuɗinku yake, in har ya isa wurin.

Ba mu manta da ranar 8 ga Nuwamba 2021 ba, ranar da wuta ta cinye azuzuwan kara a Maraɗi, yara aƙalla 25 suka rasu. Kafin nan, a watan Afrilu na shekarar, irin wannan gobara ta ci yara 20 a Yamai. Allah ya sa masu ceton iyayensu ne. Tun daga lokacin kowa ya ce a bar ajin kara, a yi na siminti. Mun yarda ɗari bisa ɗari. Amma ajin siminti da aka cinye rabin simintinsa, tarko ne aka ɗana bisa kawunan yaranmu. A ce aji mai tsawon mita 9 da faɗin mita 7, an yi masa rufin kankare mai kaurin santimita 15. Nauyin rufin nan kaɗai ya kusan tan 23, wato kamar buhun hatsi 230 mai kilo ɗari-ɗari. Abin da ke tsakanin wannan nauyi da kan ɗanka shi ne ginshiƙi.

AUREN KANKARE DA ƘARFE

Ginshiƙi, wanda maginanmu ke ce wa poto, na ƙetaren iyaka kuma su ce fila, abu biyu ne aka haɗa. Akwai kankare, wato siminti da rairayi da tsakuwa da ruwa. Akwai kuma ƙarfe. Kowane da halinsa.

Kankare gwanin jure danni ne. Ka ɗora masa nauyi daga bisa, ya daure. Amma in aka ja shi ko aka lanƙwasa shi, ƙarfinsa bai wuce kamar kashi ɗaya cikin goma na wancan ba, nan da nan ya tsage. Rodi kuwa yana jure ja, amma ka tsayar da shi shi kaɗai ka danna shi, sai ya tanƙware kamar karan dawa. Da aka haɗa su sai kowa ya rufa wa ɗan uwansa asiri. Kankare ya tallafi rodi kada ya tanƙware, ya kare shi daga tsatsa da wuta. Rodi ya riƙe kankare kada ya tsage ya watse. Kuma in zafi ya buge su kusan daidai suke buɗewa, shi ya sa ba sa rabuwa tsakanin sanyin hunturu da zafin bazara.

Wannan ilmi ba baƙo ne a ƙasarmu ba. Kakanninmu da suka ɗaga bakan gizo a soraye sun san laka kaɗai ba ta iyawa, sai an binne azara a cikinta, an ɗaure da igiya. Ku dubi masallacin Yama a jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya soma ginawa a 1962 da laka da itace, har ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Maginin da ya san sunansa yana manne da gininsa ba ya ha'inci a cikinsa. Yau kuwa akan gama gini a tafi, ba wanda ya san sunan wanda ya sa hannu a kan takardar karɓarsa.

LISSAFIN DA BA SA SO KU YI

Ku mutanen kasuwa ne. Siminti da rodi ta gabanku suke wucewa, daga Malbaza, daga Illela, daga Jibiya. Ba mai yi muku wayo a kan kuɗin buhu. To ku taya mu wannan lissafi.

Kankaren ginshiƙi, yadda aka saba a ƙa'idar gini ta ƙasashenmu, yana cin siminti kilo 350 a kowane mita guda mai tsawo da faɗi da zurfi, wato buhu 7 mai kilo 50. In aka kwaɓa shi daidai, aka shayar da shi, bayan kwana 28 kowane santimita murabba'i na iya jure danni na kusan kilo 250 kafin ya farfashe. Ginshiƙi mai santimita 20 da 20 yana da santimita murabba'i 400. Ku ninka: tan 100 ke nan.

Injiniya mai gaskiya ba ya ɗora masa tan 100. Abin da yake yarda ya hau kansa bai kai rabin haka ba. Sauran rara ce, an ajiye ta saboda ranar wuya: ranar da iska ta taso, ranar da ruwa ya kwanta bisa rufi, ranar da aka cika shagon bene da buhunan shinkafa. Wannan rarar ita ce ran ɗanka. Kuma ita ce ɓarawon kwangila yake ci, don ya san in ya ci ta ginin ba zai faɗi a gabansa ba.

Ga yadda ake cin ta. Zane ya ce 20 da 20, sai a zuba 15 da 15, a cike sauran da filasta. Ido ya ga ginshiƙi mai kauri, amma 400 ta koma 225. Sai a rage siminti daga buhu 7 zuwa 4 ko 5, a ƙara ruwa don kwaɓin ya yi saurin zuba. Ruwan da ya wuce ƙa'ida yana bushewa ya bar ƙananan ramuka a jikin kankare, ƙarfinsa na iya faɗuwa zuwa rabi. Yanzu ku sake ninkawa: 225 sau 125, tan 28 ke nan. Ginshiƙin da aka biya kuɗinsa a matsayin mai tan 100 ya koma mai tan 28, fenti iri ɗaya, hoto iri ɗaya.

Sai a koma kan rodi. Zane ya ce rodi huɗu masu milimita 12. A sa masu 10, wa zai lura? Bambancin milimita biyu ne a ido, amma kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙarfen ya tafi. In aka sa masu 8, abin da ya rage bai kai rabi ba. Wani lokacin ma rodin da aka sayar da sunan 12, in ka auna shi bai cika 12 ba.

ZOBEN DA AKE RAINAWA

Akwai ƙananan zobba na siririn rodi da ake ɗaure dogayen da su, daga ƙasan ginshiƙi har samansa. Ɗan kwangila mai ha'inci yana ganinsu ɓarnar ƙarfe. Manomi ya fi shi sani. Ɗauki damin kara ka ɗaure shi tam a wuri biyar, ka tsayar, ka hau kansa, zai ɗauke ka. Kwance ɗaurin uku, ka sake hawa, karan zai buɗe ta ko'ina.

Haka ginshiƙi yake. In nauyi ya danne shi daga bisa, kankaren ciki yana neman kumbura ta gefe, dogayen rodi suna neman tanƙwarewa waje. Zobba ne suke hana su. Tun 1744 wani masanin lissafi mai suna Euler ya nuna cewa in aka ninka tsawon siririn sanda sau biyu, nauyin da zai iya ɗauka kafin ya tanƙware yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka in zane ya ce zobe a kowane santimita 15, aka sa a kowane 30, ba rabin tallafin rodin aka cire ba, kashi uku cikin huɗu ne.

Ga kuma abin da ya fi muni. Ginshiƙi mai isassun zobba, ko da nauyi ya fi ƙarfinsa, yakan yi gargaɗi. Fatarsa ta waje ta tsattsage ta zubo, amma cikinsa yana riƙe, mutane su samu damar fita. Wanda aka yi wa rowar zobe fashewa yake yi lokaci guda. Zoben da aka sace, mintocin gudun ceton rai ne aka sace.

BUTUTU MAI KANKARE A CIKI

Yanzu ana yawan yin rumfunan kasuwa da tasha da ginshiƙin haɗin gambiza: bututun ƙarfe da aka cika da kankare, ko kuma ƙarfe mai kauri da aka lulluɓe da kankare. Dabara ce mai kyau in an yi ta da gaskiya. Ku dubi buhun rairayi. Rairayi kaɗai in ka taka shi watsewa yake, buhu kaɗai lanƙwashewa yake, amma buhun da aka cika aka ɗinke, ƙato ma zai tsaya a kansa. Bututu yana matse kankare ta kowane gefe, ya ƙara masa ƙarfi. Kankare kuma yana hana bututu lotsawa ciki. Haɗinsu yakan ɗauki abin da ya fi jimillar abin da kowane zai ɗauka shi kaɗai.

Yana da amfani kuma ranar gobara, kuma mun san gobarar kasuwa a ƙasar nan: babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ƙaramar ta ƙone a 2012. Ƙarfe in zafi ya kai wajen digiri 600, kusan rabin ƙarfinsa ya tafi. Bututu fanko nan da nan yake durƙushewa da rufin gaba ɗaya. Mai kankare a ciki yana jinkirtawa, don kankaren yana shanye zafi kuma ya karɓi nauyin.

Amma babu wurin ɓoye sata kamar cikin bututu. A rubuta mai kaurin milimita 4, a kawo mai 2, a shafa fenti. A zuba kankare ba tare da an girgiza shi ya zauna ba, ya maƙale a tsakiya, ƙasa fanko. Ko kuma a toshe bakin kawai. A kafa gindinsa a inda ruwan damina ke kwanciya, tsatsa ta ci shi daga ƙasa. Wannan ba ya buƙatar digiri kafin a gane. Ɗauki guduma ƙarama ka ƙwanƙwasa bututun daga ƙasa zuwa sama. Inda yake cike, amonsa a daƙile yake. Inda yake fanko, zai yi maka ƙara kamar garwa.

ME YA SA BAI FAƊI RANAR BIKI BA

Za su ce muku: ga ginin nan tsaye, ina ƙaryar? Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Ranar biki gini fanko ne, ba kaya, ba ɗalibai, ba ruwa bisa rufi. Ginshiƙi kuwa lokaci ne yake auna shi.

Kankaren da ke ƙarƙashin nauyi yana ci gaba da matsewa kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, yana tura wa rodi kason nauyinsa. In rodin siriri ne, kullum kayansa ƙaruwa suke. In ba a bar kankare mai kaurin santimita biyu da rabi zuwa uku tsakanin rodi da waje ba, laima tana shiga, rodi ya yi tsatsa, tsatsa kuma kumbura take, ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki-ninki, sai ta fasa kankaren daga ciki. In aka zuba ginshiƙi a karkace, ko nauyi bai sauka a tsakiyarsa ba, gefe ɗaya yana shan danni, ɗayan yana shan ja. Duk wadda ta taɓa ɗaukar tulu bai zauna daidai bisa gammo ba ta san yadda wuya ke ji. In kuma aka zuba kankare a zafin bazara ko iskar hunturu aka bar shi ba a shayar da shi aƙalla kwana bakwai ba, bai taɓa kai ƙarfin da aka lissafa masa ba, kuma ba zai kai ba.

Wannan ya faru a ƙasashen da suka fi mu kuɗi. A birnin Seoul na Koriya ta Kudu, katafaren kantin Sampoong ya yi shekara biyar yana ciniki. Ranar 29 ga Yuni 1995 ya ruguje cikin ƴan daƙiƙu, mutum 502 suka mutu. Bincike ya nuna ginshiƙan da ya kamata su kai santimita 80 an yi su 60, an rage rodi, an kuma ƙara hawa na biyar. An ga tsagar tun kafin ranar, aka ƙi rufe kantin. Mai kantin ya tafi kurkuku, haka ma jami'an hukuma da suka karɓi cin hanci. A Bangaladash, ranar 24 ga Afrilu 2013, ginin Rana Plaza da aka ƙara wa hawa ba bisa izini ba ya kashe mutum 1,134, kwana ɗaya bayan an ga tsaga a jikinsa. Nan kusa da mu, a Legas, a watan Maris 2019 bene mai makaranta a samansa ya rushe, aƙalla mutum 20 suka rasu. Shin sai mun ga irin wannan a garinmu sannan mu yi tambaya?

AMSOSHIN DA ZA SU BA KU

Za su ce ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara. Amma wanda ya cire buhu uku cikin bakwai ya sayar, da hannunsa ya cire, kuma zai amsa tambaya a kai, nan da gobe ƙiyama. Kada a fake da sunan Allah a rufe bakin uwar da ta rasa ɗa.

Za su ce ƙasa ba ta da kuɗi, gara aji goma ko yaya suke da aji biyar masu kyau. Da a ce kuɗin siminti buhu 4 aka fitar daga baitulmali, da sai mu tattauna. Amma kuɗin buhu 7 ake rubutawa. Tambayarmu ita ce ina ukun suka shiga. Aji kuma da za a sake ginawa bayan ƴan shekaru ba shi da araha, sau biyu aka biya shi.

Za su ce laifin magina ne da leburori. Ƙarya ne. Magini abin da aka kawo masa yake kwaɓawa. In ya ce siminti bai isa ba, gobe wani ne a wurinsa. Ɗan kwangilar ma sau da yawa ba shi ne farkon sarƙar ba. In aka ba da kwangila don ɗan gidan wane ne, shi kuma ya cire nasa ya sayar wa wani, wancan ya biya na ofis, ya biya na mai dubawa, ya biya na mai sa hannu, daga ina zai mayar da kuɗinsa? Ba zai rage fenti ba, don ana ganinsa. Ba zai rage allon da ke ɗauke da sunan mai girma ba. Cikin ginshiƙi zai shiga. Kowane cin hanci da aka karɓa a ofis mai sanyi, daga cikin ginshiƙin garinku aka yanko shi.

Za su ce ƴan adawa ma in sun hau haka za su yi. Wannan magana ta cancanci amsa. Kada ku dogara da kyan halinmu. Ku dogara da ƙa'idar da za ta ɗaure mu kamar yadda za ta ɗaure kowa.

ALKAWARIN DA ZA KU KAMA MU DA SHI

Na ɗaya. Duk ginin gwamnati ko na ƙaramar hukuma, za a kafa allo a gabansa da Hausa, boko da ajami, mai ɗauke da kuɗin aikin, sunan ɗan kwangila, sunan injiniyan da ke dubawa, girman ginshiƙi, adadin rodi da kaurinsa, da buhunan siminti.

Na biyu. Ba za a zuba kankaren ginshiƙi ko ɗaya ba sai wakilan iyayen yara, ko na ƴan kasuwa, tare da magini na gari da suka yarda da shi, sun ga rodi da zobba a fili, sun ƙirga, sun auna, an ɗauki hoto. Bayan an zuba, magana ta ƙare, sai dai fasawa.

Na uku. Za a ɗebi kankaren kowace zuba a kai ɗakin gwajin kayan gini, a murƙushe shi a inji bayan kwana 7 da kwana 28, a manna sakamakon a ƙofar ofishin magajin gari. Garuruwan iyaka ba za su ci gaba da jiran mai dubawa daga Yamai ba, za mu kawo injin gwajin kusa da ku.

Na huɗu. Ba cikon kuɗi sai sakamakon gwaji ya fito. Ginshiƙin da ya faɗi gwaji, a fasa shi a sake da kuɗin ɗan kwangila.

Na biyar. Alhakin gini yana wuyan wanda ya gina da wanda ya sa hannu har shekara goma. Duk wanda aka kama, ba shi ba kwangilar gwamnati, ko da ɗan jam'iyyarmu ne.

KAFIN RANAR ZAƁE

Ba sai kun jira mu ba. Gobe da safe, malam, raka ɗanka makaranta ka dubi ginshiƙan. Hajiya, dubi na rumfarki. In kun ga tsaga a tsaye ko a karkace, in kun ga jan ruwan tsatsa yana zubowa, in rodi ya leƙo waje, in kun kankare jikin ginshiƙi da ƙusa yana zuba kamar garin rogo, ku fitar da yara, ku tara jama'a, ku je wurin hukuma da rubutacciyar ƙara. Kada ku yarda a shafe tsagar da filasta a ce an gyara.

In ɗan takara ya zo da atamfa da sabulu da jika biyu a ambulan, ku yi masa maraba, ku ba shi ruwa, sannan ku tambaye shi: buhu nawa aka sa a ginshiƙin ajin nan? Rodi mai nawa? Ina takardar gwaji? In ya ce wannan maganar injiniyoyi ce, ku gaya masa ƴaƴanmu ne a ƙarƙashi. Mu ma in mun zo, ku yi mana tambayar nan.

Tun ran gini ran zane. Ginshiƙi ranar zuba shi ake gyara shi, shugabanci kuma ranar zaɓe. Ku adana katinku, ku fito da wuri, ku fito da iyalanku, ku tsaya har a ƙirga. Ku zaɓi canji.

Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya tsare mana ƴaƴanmu, ya ba mu shugabanni masu tsoronsa. Amin.